Takalmi Ƙafa Ɗaya

Zuwa ga Wasila ɗiyar Malam Haruna, hasken idona da ya kashe mini ido, inuwar tsamiyar da na fake ƙarƙashinta reshe ya faɗo mini a ka, ruwan randa mai sanyi da na sha ya ƙulle mini ciki. Ya jinjirin watan da na riga kowa gani na yi ta murna, ya zumar da ke cikin kogon da kumurci yake kwana! Gaisuwa irin ta wanda bai daina sonki ba kuma bai yafe miki ba, daga Sabiru baduku, ɗan Saude mai daddawa, wanda kika ce ba ki sani ba.

Bayan haka, ina fata kina cikin ƙoshin lafiya, kuma da gaske nake, domin ina so ki karanta wannan takarda da idonki garau, kada ki ce zazzaɓi ne ya sa kika ga ba daidai ba. Mairo dillaliya ce za ta miƙa miki ƙunshin cikin kayan da take shiga gidaje da su. Ba ta san abin da ta ɗauko ba, ki kwantar da hankalinki. A ciki akwai takalmi ƙafa ɗaya, na dama, da takardar nan a naɗe cikinsa. Kada ki wahalar da kanki wajen zazzage ƙunshin don neman ɗan'uwansa. Zan gaya miki inda yake, amma sai na gama ba ki labarin garuruwan da na zaga a shekarar nan. Ke kika aike ni, ke ya kamata ki fara jin yadda hanya ta kasance.

Kin tuna la'asar ɗin nan a bakin gulbi, ƙasa da mashayar shanu, bara da kaka? Ni kam ko na so mantawa hannuna ba zai bar ni ba. Kin zo wanki ke kaɗai, saura kwana goma ki fita iddar aurenki da ya mutu, ni kuma na zo jiƙa fata. Shari'a ta hana namiji ya yi miki zancen aure sai kwanakin sun cika, ban kuwa yi ba. Ke kika fara magana. Kika ɗaga tsinkakken takalminki, kika ce duk dukawan Gusau babu wanda ya taɓa ɗinka miki wanda bai cije ki ba. Na ce ai ba su auna ba ne. Kika waiga gabas, kika waiga yamma, sannan kika zauna kan dutse kika miƙo mini ƙafar hagu. Wayyo wannan ƙafa! Sanyin ruwa a jikinta, lalle ya fara koɗewa a diddige, tana rawa cikin tafin hannuna kamar 'yar kurciyar da aka ɗauko daga sheƙa. Ba ni da igiyar awo, sai kika yago siririn ƙyalle daga gefen zanenki, baƙin saƙin nan mai jan baki, kika ba ni. Na zagaya shi a bayan ƙafarki, na bi ta kan tudun nan da ciwon kurkunu ya bar miki tun kina ƙarama, wanda kike saukar da zane kina rufewa, na ƙulla. Na ce miki a nan ne kowane takalmi yake cizonki, kika yi dariya kika rufe baki da hannu.

Sai muka ji muryar mata suna gangarowa, ban kai ga auna tsawo ba. Kika miƙe, kika taka jiƙaƙƙen yashi kusa da dutsen da ƙarfi, hagu da dama, kika ce in dawo da safe in auna abina. Ke kika bar sawun nan, Wasila, da gangan, kina murmushi.

Da safe na dawo da karan dawa na yin awo. Na durƙusa, na share bakin sawun da yatsa don in ga inda diddige ya tsaya, ban san tsohuwa Uwani tana bayan geza tana kallona ba. Bayan kwana uku zazzaɓi ya kayar da ke, irin wanda ke kama duk mai yini cikin ruwa da kaka. Uwani kuwa ta riga ta zaga unguwa da labari, wai ta gan ni ina ɗibar ƙasar sawunki, baduku ya yi wa ɗiyar malam sammu. Wa zai tsaya tambaya? Mutumin da ke yini yana ɗinke layu, ai kowa ya yarda ya san abin da ake cusawa a ciki.

Aka zaunar da ni a zauren mahaifinki gaban mai unguwa. Na faɗi iyakar gaskiyar da zan iya faɗa, cewa awo nake yi. Aka tambaye ni wa ya sa ni. Na bar miki amsar. Aka aika cikin gida, kika zo bayan asabari, muryarki ƙasa-ƙasa saboda ciwo, amma babu wanda bai ji ba: "Ni ban san shi ba, ban taɓa ko tsayawa da shi ba." Ƙyallen zanenki yana cikin aljihuna a lokacin, hannuna yana kansa. Da na fito da shi da magana ta ƙare, da ke za a riƙa nunawa da baki har ki tsufa, mai iddar da ta miƙa wa namiji ƙafa a bakin gulbi. Na bar shi inda yake. Na ce a raina tsoro ne, idan ta warke za ta faɗa. Aka ba ni zuwa faɗuwar rana in bar gari. Kafin in kai ƙofa, mutanen da na ɗinka wa layu sun fara farke su a bakin hanya suna duba abin da na sa musu.

To ga inda kika aike ni, ya sanyin idaniyata, kuma wallahi tafiyar ba ta zama asara ba.

Magami na fara sauka, don ƙafata ta ƙi yin nisa da ke, kuma gari ne da zan so har in mutu. Fulanin da ke rugage a gefensa ba su tambaye ni laifina ba. Sun ga na iya gyaran salka da ɗinkin zabira, suka ba ni bukka, matansu suka riƙa ajiye mini nono. Da hantsi shanu suna fita farare tas, ƙasa tana ƙamshin kashinsu da raɓa, mutum ya ji kamar ba a taɓa yi masa komai ba a duniya. Wani dattijonsu, Jibo, ya yanka jar akuya ranar sunan jikansa, ya ba ni fatar, babu tabon ƙaya ko ɗaya a jikinta. Na jeme ta da kaina da bagaruwa, na yi ta murza ta kwana da kwanaki har ta kusa laushin kuncinki. Ina murzawa ina kallon hanyar Gusau. Duk wanda ya ɓullo da jaki sai gabana ya faɗi, in ce ga ɗan aike nan, Wasila ta yi magana. Iddarki ta cika, wata ya ɓace, wani ya tsaya, shi ma ya ɓace, babu mai zuwa sai masu gishiri da kanwa. Shafa takalmin da ke hannunki ki ji. Wata uku na yi ina jiranki a kan fatar nan.

Da rani na gangara Tsafe, inda Nasara ke shimfiɗa dogo, hanyar jirgin ƙasa. Ke da ba ki taɓa wuce gulbi ba, da kin ga abin mamaki: maza kamar tururuwa, an ɗebo su daga ƙauyuka, kowa da kwandon ƙasa a ka, ana sassabe tudu ana cike kwari don ƙarfe ya kwanta a miƙe, ana cewa nan gaba kaɗan zai iso Gusau. Tsakuwar da ake zubawa tana yanka ƙafa kamar aska, saboda haka baduku ya zama sarki. Na yi ta yankan kirgi ina ɗinki tun safe har la'asar, a can na gane irin tafin takalmin da ba ya cinyewa, shi na sa miki. Na yi ƙiba a Tsafe, Wasila, kada ki zaci ramewa na yi saboda ke. Na ci tsire, na saurari kalangu, har dariya na yi da haƙorana duka a waje. Sai wata ranar kasuwa wani falke mutumin Gusau ya gane ni. Ya wuce ni, da maƙwabcin rumfata ya yi magana. Washegari wata mata ta zo karɓar takalmin mijinta, ta karɓa da bakin zane, da ta juya sai na ga tana jan ƙafa tana goge sawunta, taki bayan taki, har ta sha kwana. Kafin mako ya zagayo, duk mai bi ta gaban rumfata da reshe yake bi, yana share bayansa. Kin taɓa ganin kasuwa cike da jama'a, amma gaban rumfar mutum ɗaya ƙasa sumul, babu sawun ɗan Adam? Ni na gani kowace yamma, ina zaune da basilla a hannu, kuma sunanki ne a bakina. Duk da haka ina son Tsafe, don ita ta koya mini cewa ƙaryarki ta fi ni saurin tafiya.

Daga nan na bi ta gindin dutsen Kwatarkwashi, kwana biyu kawai na yi. Na hau har inda numfashi ya ƙare mini, mikiya tana shawagi ƙasa da ni, na juya fuskata wajen da Gusau take. Ba zan ɓoye miki ba, na leƙa ƙasa, na daɗe ina leƙe. Abin da ya sauko da ni ba tsoron Allah kaɗai ba ne, Allah ya gafarta mini. Na tuna ban ɗinka takalmin ba tukuna, kuma ban ga dalilin da zan bar miki duniya cikin sauƙi haka ba.

Damina a Kekun Waje ta same ni, a gonar wani manomi mai suna Lukuman. Na ajiye basilla na ɗauki fartanya. Ya masoyiyata, da kin ga gero a wannan ƙasa, tsayinsa ya shanye mahayin doki, idan iska ta taso sai ya yi ta raɗa kamar mata a gidan biki. Ƙanwar Lukuman, Rakiya, mijinta ya rasu, ita ke kawo mana abinci gona. Bari in gaya miki yadda take, don na san za ki so ji. Ta fi ki kyau, kada ki yi musu. Ta fi ki tsayi, ta fi ki natsuwa, ƙafarta sumul babu tudun kurkunu, kuma idan aka tambaye ta abin da ta gani, shi take faɗa. Na ba su labarina duka, sunanki kaɗai na ɓoye, suka yarda da ni ba tare da rantsuwa ba. Da aka yanke gero Lukuman ya kira ni gefe, ya ce ga fili ga ɗaki, in ina so in zauna, kuma na san abin da yake nufi. Me ya hana ni? Me ya hana ni, in ba wata maƙaryaciya mai siririyar murya da ke can bayan asabari ba? Na yanki karan dafi a gefen gonarsa don rina fatar takalminki, na tsinki audugar da ta fara fashewa cikin tafin hannu, na tafi na bar mace ta gari tana share ido a bakin danga. Jan da kike gani a takalmin nan daga gonar ɗan'uwanta ya fito. Alhakinta rabi nawa ne, rabi naki.

Amma idan aka ce in zaɓi gari ɗaya cikin shekarar nan, Bungudu zan zaɓa, inda nake zaune yanzu. Ba don rake da albasar fadamarsu ba, ba kuma don malamin da na ɗinka wa gafaka ya zauna da ni ya gyara mini ajamin da na bari tun ina makarantar allo ba, ko da yake shi ya sa yau babu kunne na uku tsakanina da ke. Don gulbin ne. Gulbin da kike wanki a cikinsa shi ne ke gangarowa nan. Ruwan da ya taɓa idon sawunki da safe, ina jin da la'asar yana gabana. Nakan zauna a bakinsa da aikina, in ga kumfa ta wuce in ce ta sabulunta ce, in ga ganye ya wuce in ce ta taka shi. Nakan ɗiba da hannu in sha. Ruwan dauɗar wankinki nake sha, Wasila, ina gode wa Allah, kuma ya fi abin da ya fito daga bakinki tsarki. Wace irin cuta ce wannan? Wane irin mutum ne ke tsanar hannun da ya shaƙe shi, yana kuma marmarin ƙamshin lallen da ke jikinsa? A nan na ɗinka takalmin, ƙafa biyu, ɗinki ƙanana kamar ƙwayar gero, ban taɓa yin aiki mai kyansa ba kuma ba zan sake ba.

Da na so, da na ci gaba da zama a bakin ruwan nan har furfura. Amma ranar kasuwar da ta wuce Baba Adamu, Sarkin Dukawan unguwarmu, wanda ya koya mini riƙon basilla, ya zo sayen fata ya same ni. Ya kawo mini labari biyu. Na farko na Innata ne. Tun da aka kore ni babu mai sayen daddawarta, wa zai sa abin hannun uwar mai sammu a miya? Idonta ya tafi, ƙafafunta sun kumbura, tana zaune tana fuskantar ƙofa, duk takun da ta ji sai ta kira sunana. Baba Adamu ya ce ba ya jin za ta ga damina. Na biyu naki ne. Ɗahiru dillalin auduga ya kai kaya gidanku, an sa rana bayan an gama shigar da dawa. An ce kin yi haske, kin cika, kina tafiya kamar ba ki taɓa taka kowa ba. Na yi miki murna, na kuma tashi na ɗauko takalmin.

Yanzu ga inda na hagu yake. Yana hannun Baba Adamu, na naɗe shi cikin fata na ɗinke bakin, bai buɗe ba. Ki duba maɗaurin na daman da ke hannunki, za ki ga shi a shafe yake. Na hagun ba haka yake ba. A cikin maɗaurinsa akwai ɗan gurbi da na yi wa matashi da audugar Kekun Waje, daidai inda tudunki yake, daidai faɗinsa, daidai tsayinsa. A gefen gurbin na ɗinke ƙyallen zanenki da ƙullin da na yi a ranar, jan bakinsa a waje inda kowa zai gani. Innarki ce ta kaɗa zaren wannan zane, ko kin ƙona shi za ta gane abinta. Kuma ga abin da kowane baduku ya sani, wanda babu wanda ya tambaye mu a zauren mahaifinki: sawu a yashi yana ba da tsawo, yana ba da faɗi, amma ba ya ba da kewayen ƙafa. Wannan sai an riƙe ta a hannu, sai mai ita ta zauna ta miƙo.

Ranar Jumma'a, idan an sauko daga masallaci, Baba Adamu zai tsaya a ƙofar gidanku lokacin da jama'a ke gaida malam, da mai unguwa, da Ɗahiru da danginsa. Zai farke ɗinkin, ya nemi a shiga da takalmin a gwada miki, ya yi bayanin da na yi miki yanzu da babbar muryarsa da kika sani. Takardar nan za ta same ki Talata.

Ina roƙonki, ya farin cikina da baƙin cikina, ina roƙonki da girman Allah kada ki bari a kai nan. Ki sami mahaifinki shi kaɗai bayan ya sallami ɗalibai, ki durƙusa ki faɗa masa da bakinki. Malam ne, ya san yadda ake rufa asiri. Zai kira mai unguwa su biyu, a ce an yi bincike an gano kuskure ne, a aiko mini in dawo in riƙe hannun tsohuwata kafin ya yi sanyi. Idan aiken ya fito kafin Jumma'a, Baba Adamu zai ba Mairo ƙunshin a ɗinke yadda yake, ta kawo miki ki haɗa ƙafa biyu, babu wanda zai ga cikinsa sai ke. Jimla ɗaya kika faɗa kika fitar da ni daga gari, jimla ɗaya nake nema ki mayar da ni. Na ba ki shekara ki faɗe ta don Allah, ba ki faɗa ba. Yanzu na ba ki kwana uku ki faɗe ta don tsoro, tunda shi ne na ga kin fi jin maganarsa.

Na san abin da nake yi zalunci ne, ba sai kin gaya mini ba. Hannun da ya rufe ƙyallen nan a aljihu don kada a ga tsiraicin sunanki, shi ne yau ya ɗinke shi a inda gari zai gani. Na yi kuka ina ɗinkin, ban kuma fasa ba.

Kada ki ji tsoron rasa miji. Mai yiwuwa Ɗahiru ya ji ƙishin-ƙishin ya aiko a mayar masa da kayansa, dillali ne, ba ya son abin da aka taɓa. Mai yiwuwa masu zuwa zance su ɗauke ƙafa, mata su riƙa yin shiru idan kin iso bakin gulbi, ki ɗanɗani kaɗan daga abin da na ci a Tsafe. Idan duk sun watse, ki leƙa waje, za ki ga mutum ɗaya bai tafi ba. Ni ne, da basillata da talaucina da sunan da kika ɓata, zan shiga zauren da aka kore ni daga cikinsa in nemi aurenki da rana tsaka, in kuma riƙe ki riƙon da babu wanda zai yi miki, ina sonki ina tuna miki, kowace safiya, har ƙarshen kwanakinmu. Wa kike da shi da ya san inda takalmi ke cizonki, in ba ni ba?

Ki gwada na daman kafin ki yanke shawara. Za ki ji bai cije ki ba.

Naki ne ni, ke kaɗai, ko kin yi magana ko kin yi shiru, har ranar da za a kawo karan dawa a auna tsawona don haƙa kabari kamar yadda na auna sawunki,

Sabiru, wanda kika sani.